Wasan da ya Raba Kan Mutanen Ingila

A cikin watan Afrilu na shekarar 1978 gidan talabijin na BBC ya nuna wa mutanen Ingila wani wasan kwaikwayo mai kashi huɗu, kowane daren Alhamis kashi ɗaya. Sunansa da Turanci Law and Order, watau Doka da Oda. Kada mai karatu ya ɗauka wancan na Amurka ne mai irin wannan suna, wanda aka fara a 1990. Wannan na Ingila ne, ya kuwa girme wa wancan da shekara 12. Wasa ne kurum, mutanen da ke cikinsa duk ƙago su aka yi, amma maganarsa sai da ta kai Majalisar Dokoki, har aka kira shugaban BBC na lokacin, Ian Trethowan, zuwa Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida don ya yi bayani. Abin da ya jawo haka kuwa shi ne, wasan ya nuna babban ɗan sandan ciki yana cin hanci, yana ƙulla wa mutum sharri har a ɗaure shi, sa'an nan ya koma ofis ya ci gaba da aikinsa, ba abin da ya same shi.

Ba za a gane dalilin wannan fushi ba sai an san yadda Baturen Ingila ya ɗauki ɗan sandansa a zamanin nan. Tun 1829, sa'ad da Robert Peel ya kafa rundunar 'yan sandan Landan, mutanen ƙasar su ke alfahari da cewa ɗan sandansu ba ya yawo da bindiga, kulki kawai ya ke riƙewa, kuma shi ne wanda baƙo ya kan tambaya hanya, yaro ya kan tambaya ƙarfe nawa. Da talabijin ya shiga gidaje sai ya ƙara kafa wannan zato. Daga 1955 har 1976 BBC ta yi ta nuna wani wasa mai suna Dixon of Dock Green, labarin wani dattijon ɗan sanda, George Dixon, mai haƙuri da sanin ya kamata, wanda ya san kowa a unguwarsa. A farkon kowane wasa ya kan dubi masu kallo ya yi musu barka da yamma, a ƙarshe kuma ya yi musu 'yar nasiha. Jack Warner, wanda ya ke fitowa a matsayin Dixon, yana da shekara 80 sa'ad da aka daina wasan, amma mutane ba su damu da tsufansa ba, don ƙaunar da su ke yi masa.

Ko a cikin wasan Dixon an taɓa nuna mugun ɗan sanda. A 1956 aka yi wani kashi inda aka kama wani kurtu yana fasa gidajen mutane, Dixon ya sa shi ya tuɓe rigar aiki tukuna sa'an nan ya kama shi. Ma'anar wannan a fili ta ke: riga tsarkakakkiya ce, mutum ɗaya ne ya ɓaci, an kuwa fitar da shi. Turawa su kan kira irin wannan ruɓaɓɓen tuffa a cikin kwando, kamar yadda mu ke cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari. Masu kallo sun yarda da haka, sun kwana da daɗin rai. Daga baya aka yi waɗansu wasannin da suka fi zafi. A 1962 aka fara Z-Cars, inda aka ga ɗan sanda yana caca, yana dukan matarsa, har manyan 'yan sanda suka yi ƙorafi. A 1975 aka fara The Sweeney, inda 'yan sandan ciki ke shan giya, suna naushin 'yan fashi, suna taka doka in ta tare musu hanya. Amma duk da haka a ƙarshe su ne mutanen kirki, ɓarawo shi ne ɓarawo.

Alhali kuwa a waje, cikin garin Landan na gaske, al'amari ya riga ya canza. A watan Nuwamba na 1969 jaridar The Times ta buga labarin da ya girgiza ƙasar. Manema labarinta biyu sun ɓoye na'urar ɗaukar magana a jikin wani ƙaramin ɓarawo, suka ɗauki muryar 'yan sandan ciki suna karɓar kuɗi daga hannunsa. Ɗaya daga cikinsu, Saje John Symonds, har ya faɗa masa cewa akwai wata ƙungiya a ɓoye cikin rundunar, wadda za ta iya kare shi ko'ina a Landan in ya biya. A 1972 aka naɗa Robert Mark shugaban 'yan sandan Landan, ya kafa wani sashe mai suna A10 don binciken 'yan sanda su kansu. Kafin ya bar aiki a 1977, 'yan sanda wajen 500 sun bar rundunar, waɗansu kora, waɗansu ajiye aiki don gudun bincike. A cikin 1977 ɗin nan kuma aka ɗaure Kwamanda Kenneth Drury shekara 8. Shi ne dā shugaban Flying Squad, watau rundunar da ke farautar 'yan fashi, ita ce kuwa rundunar da a ke yabo a cikin wasan The Sweeney. Asirinsa ya fara tonuwa ne tun 1972, da wata jarida ta gano ya tafi hutu tsibirin Kubrus tare da wani mai sayar da littattafan batsa a unguwar Soho. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

To, ka ga ashe ba wani sabon labari Law and Order ya kawo ba. Duk wanda ke karanta jarida ya riga ya ji. Amma karanta labarin shari'a a takarda daban, ganin abin a cikin ɗakinka da dare, kai da iyalinka, daban.

Wanda ya rubuta wasan sunansa G. F. Newman, wanda tun 1970 ya buga littafi a kan mugun ɗan sandan ciki. Les Blair ya shirya 'yan wasa, Tony Garnett kuma shi ne mai ɗaukar nauyin aikin a BBC. Labari ɗaya ne suka ba da shi ta fuska huɗu: na ɗan sanda, na ɗan fashi, na lauya, da na ɗan kurkuku. Kashi na farko ya bi Sufeto Fred Pyall na Scotland Yard, hedkwatar 'yan sandan Landan. Pyall ba shi da ihu, ba shi da zare ido. Mutum ne mai sanyin murya, mai kwat da laƙtaye, wanda in ka gamu da shi a hanya sai ka ce akawun banki ne. Yana da 'yan rahotonsa cikin ɓarayi, yana saye da sayarwa da su kamar ɗan kasuwa: wannan a sake shi don ya biya, wancan a riƙe shi don ana bukatar a nuna an yi aiki. A zamanin nan kamfanonin inshora su kan ba da lada ga wanda ya tona inda kuɗin sata su ke, sai ɗan sanda ya rubuta sunan ɗan rahotonsa, in lada ta fito su raba.

Kashi na biyu ya bi Jack Lynn, nan kuwa marubucin ya yi dabararsa. Lynn ba mutumin kirki ba ne. Ɗan fashi ne sosai, fashi ne sana'arsa, masu kallo sun gan shi da idonsu yana shirya yadda za a yi wani. Amma fashin da aka kama shi a kansa ba shi ya yi ba, Pyall kuwa ya san haka sarai. Ya dai ƙudura cewa lokacin Lynn ya yi, sai ya haɗa shaidu, ya matsa wa waɗansu suka ambaci sunansa. A kashi na uku aka ga lauyansa, Alex Gladwell, wanda ya kamata ya tsaya masa, ashe shi ma ɗan ciniki ne, yana cin abinci da 'yan sandan nan, yana auna wanda zai ceta da wanda zai sallama. Aka yanke wa Lynn ɗauri mai tsawo. Kashi na huɗu a gidan yari aka yi shi duka. Lynn ya ƙi sunkuyar da kai don ya san zaluntarsa aka yi, gandirobobi suka yi ta dukansa, ana kulle shi shi kaɗai, ana yi masa allurar da ke kashe jiki, har ya karaya. Nan wasan ya ƙare. Ba a kama Pyall ba, ba a saki Lynn ba, ba wanda ya fito ya yi wa jama'a nasiha.

Yadda aka ɗauki hoton ma ya ƙara wa abin nauyi. Ba a cika shi da kiɗa ba, ba a ɗauko shahararrun 'yan wasa ba. Derek Martin da ya fito a Pyall, da Peter Dean da ya fito a Lynn, a lokacin ba kowa ya san fuskarsu ba, sai daga baya suka yi suna a wasan EastEnders. Suna magana da irin Turancin 'yan kasuwar Landan, suna cin baƙi, suna katse juna, har mai kallo ya ga kamar leƙe ya ke yi ta taga.

Waɗanda suka fi kowa fushi su ne masu aikin da aka taɓa, watau 'yan sanda da gandirobobi, ƙungiyoyinsu kuwa suka kai kuka, waɗansu 'yan Majalisa suka goyi bayansu. Bai kamata a yi watsi da hujjarsu ba, don tana da ƙarfi. Suka ce a cikin wasan nan duka ba a nuna mai gaskiya ko ɗaya da ya tsaya ya hana ba, alhali akwai dubban kurata da ke fita cikin sanyi da ruwan sama, suna fuskantar wuƙa da bindiga, ba su taɓa karɓar ko kwabo ba. Suka ce an yi wa ƙage shigar gaskiya: da labari ne na jarida, da sai a tambayi marubucin shaidarsa, a kai shi kotu in ya yi ƙarya, amma da ya ke wasa ne sai ya faɗi abin da ya ga dama, ya ɓuya a bayan sunayen da ya ƙaga. Akwai kuma wata damuwa da ta fi wannan. A Ingila mutum 12 ne daga cikin talakawa a kan zaɓo su saurari babbar shari'a, su ne ke faɗin ko mutum ya yi laifi ko bai yi ba. To, in waɗannan mutane sun kalli Pyall ran Alhamis, ran Litinin kuma ɗan sanda ya tsaya gabansu ya yi rantsuwa, yaya za su gaskata shi? Ashe ɓarayi na gaske za su riƙa kuɓuta ke nan. Ga shi kuma BBC da kuɗin lasin da kowane mai talabijin ke biya ta ke aiki, har da 'yan sandan da ta zaga.

Waɗanda suka yaba wasan kuwa, cikinsu har da masu sharhi a jaridu, amsarsu gajeriya ce: Drury yana kurkuku, ba marubuci ne ya ƙaga shi ba. Suka ce zancen wake ɗaya ya daina ciwuwa, tun da ga ɗaruruwa sun fita a cikin shekara biyar. Abin da wasan ya ƙara a kan labarin jarida shi ne ya nuna yadda abin ke tafiya yau da gobe, ba tare da kowa ya ji yana aikata wani babban zunubi ba. Sufeto yana so a ga ya rufe fayil, lauya yana so a ci gaba da turo masa aiki, gandiroba yana so a zauna lafiya a ɗakunan da ya ke tsaro, kowa yana biyan 'yar bukatarsa, a tsakaninsu mutum ya salwanta.

Amma ni a ganina gardamar da ta fi wuya ba tsakanin waɗannan biyu ta ke ba. Tana cikin zuciyar mai kallo wanda ba ɗan sanda ba, ba kuwa marubuci ba, wanda ya kashe talabijin ya ce, to, me aka yi? Ai Lynn ɗan fashi ne. In bai yi wannan ba ya yi wani, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wannan ra'ayi ba na jahilai ba ne kaɗai, 'yan sanda da yawa da kansu haka su ke gani, har Turawa suka ba abin suna, wai zalunci don kyakkyawar niyya. Newman da gangan ya ƙi sa Lynn ya zama salihi. Da ya yi haka, da kowa ya tausaya masa, a tashi ba a koyi kome ba. Sai ya ajiye wa mutane tambaya mai ɗaci, ko mugun mutum ma yana da hakki a gaban shari'a.

Mutanen Landan kuwa sun riga sun ga irin wannan da idonsu, ba a wasa ba. A 1975 aka ɗaure wani direban tasi mai suna George Davis shekara 20, bisa zargin fashi da makami da aka yi a ofishin hukumar lantarki a Ilford a 1974. Matarsa da abokansa suka ce sharri ne, suka bi bangaye da gadoji na Landan suna rubuta cewa ba shi da laifi. A watan Agusta na 1975 waɗansu daga cikinsu suka shiga filin wasan kurket na Headingley a birnin Leeds da dare, suka haƙa ramuka, suka zuba mai, har aka fasa ƙarasa wasan Ingila da Ostareliya. A watan Mayu na 1976 Ministan Harkokin Cikin Gida, Roy Jenkins, ya sa aka sake shi, don shaidar da aka kafa a kansa ba ta da ƙarfi. Jama'a suka yi murna. Ba a yi shekara biyu ba, a watan Satumba na 1977, sai aka kama Davis dumu-dumu a wajen fashin wani banki a arewacin Landan, ya kuwa amsa laifinsa. Masu cewa a bar 'yan sanda su yi aikinsu suka ce, kun gani? Amma fashin banki na 1977 bai mai da shaidar 1975 ta zama gaskiya ba. A 2011 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wancan hukunci na farko, ta ce ba abin dogara ba ne, ko da ya ke ba ta ce ta wanke shi sarai ba.

Inda ra'ayin nan na "ai ɓarawo ne" ya ke da rami shi ne, wanda ya ba ɗan sanda izinin ƙaga shaida a kan mugu, ya ba shi izinin zaɓen wanda za a kira mugu. Kuma duk ran da aka ɗaure Lynn a kan fashin da bai yi ba, waɗanda suka yi fashin suna gida suna barci, wataƙila ma sun biya ne aka juya akalar. A zamanin nan babbar hanyar ƙulla sharri ita ce ɗan sanda ya rubuta a littafinsa cewa wanda aka kama ya amsa laifi da bakinsa a cikin mota ko a ofis, ba shaida sai shi da abokin aikinsa. In an zo kotu, maganar mai riga ce a kan maganar mai tsohon laifi. Hannun da ya saba da wannan a kan 'yan fashi bai tsaya a kansu ba. A 1989 aka saki mutum huɗu da aka ɗaure tun 1975 a kan bam ɗin Guildford, a 1991 kuma aka saki shida da aka ɗaure a kan bam ɗin Birmingham, bayan sun yi shekara 16 a tsare. A duka biyun an gano cewa takardun da 'yan sanda suka kawo na amsa laifi ba abin gaskatawa ba ne. Waɗannan kuwa ba su dasa bam ɗin ba.

BBC dai ta ji matsi. Ba a sayar da wasan ga ƙasashen waje ba, aka ajiye shi shekaru barkatai mutane ba su samun ganinsa. Amma a cikin 1978 ɗin nan, 'yan watanni bayan an nuna shi, aka fara wani babban bincike mai suna Operation Countryman, aka ɗauko 'yan sanda daga lardunan karkara, da farko ƙarƙashin na Dorset, don su binciki na Landan a kan zargin haɗa baki da 'yan fashi. Aka yi shekara huɗu ana abu ɗaya, aka kashe kuɗi mai yawa, waɗanda aka samu da laifi a kotu ba su taka kara sun karya ba, masu binciken kuwa suka yi kukan an yi ta sa musu ƙafa. Gyaran da ya yi amfani ta hanyar doka ya zo. A 1984 Majalisa ta yi dokar da ta tsara yadda za a kama mutum, da yadda za a tsare shi, da hakkinsa na ganin lauya, daga nan kuma aka shigo da ɗaukar tambayoyin 'yan sanda a kaset. A 1986 aka karɓe ikon kai ƙara daga hannun 'yan sanda aka ba wata hukuma dabam ta lauyoyin gwamnati. Ba wasan Newman ne ya kawo waɗannan ba shi kaɗai, shari'o'in da suka lalace su ne suka fi tura gwamnati, amma ya taimaka wajen sa talaka ya san abin da a ke magana a kai.

Sai a 2008 aka fitar da Law and Order a faifan DVD, a 2009 kuma tashar BBC Four ta sake nuna shi. Waɗanda suka gan shi a lokacin ba su kai ƙara Majalisa ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne tsofaffin motoci, da hayaƙin taba a ofis, da yadda wasan ke tafiya a hankali ba gaggawa. Mugun ɗan sanda ya riga ya zama abin da aka saba gani a talabijin. Tony Garnett da kansa ya sake komawa kan zancen a 1992 da wasan Between the Lines, kamfanin da ya shugabanta kuma, World Productions, shi ne daga baya ya yi Line of Duty, wanda Jed Mercurio ya rubuta, aka fara a 2012, labarin wani sashe mai farautar 'yan sanda maciya hanci. A daren da aka nuna ƙarshen zango na shida, a watan Mayu na 2021, mutum miliyan 12.8 ne suka zauna kallo. Da gari ya waye da yawa daga cikinsu suka tashi da gunaguni, amma ba don an ɓata sunan 'yan sanda ba. Sun yi shekaru suna jiran a tona wani ƙasurgumin shugaba mai wayo da ke juya kome daga sama, sai aka nuna musu ashe wani jami'i ne maras kuzari, wanda ba wanda ya taɓa ɗaukarsa bakin kome, yana ta samun ƙarin girma don kowa ya kau da kai. Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki, a watan Yuni na 2021, kwamitin da gwamnati ta naɗa don duba kisan Daniel Morgan, wani mai binciken sirri da aka kashe a kudancin Landan a 1987 ba a kuwa hukunta kowa ba, ya ba da rahotonsa, ya ce rundunar 'yan sandan Landan ta fifita kare sunanta a kan faɗin gaskiya, ya kira wannan ɓaci na hukuma ita kanta. Shugabannin rundunar suka ce ba su yarda da wannan suna ba.